Saƙon Da Hajiya Take Ɗauka Tana Gogewa

Binta, amaryata, da kuka zo hutun da ya wuce kin yi mini wata tambaya ina cikin shan shayi a ƙofar gida, na kore ki da wasa, na ce sai ranar da kika iya kaɗa mini miyar kuka zan amsa. Cewa kika yi:

“Kaka, me ya sa Mama ba ta taɓa kiran sunana ba? Tana kiran Usmanu, tana kiran Halima, ni kuwa sai ta ce Inna, ko ta ce ke.”

Ba don ban san amsar ba na kore ki. Ba na so ne jikata ta ga idona ya kawo ruwa a gaban masu wucewa. To ga amsar nan na zauna na rubuta, in kin ƙara wayo ki karanta. Ina so sauran dangi ma su karanta, musamman waɗanda har gobe suke cewa kakarki Hajiya Binta mace ce mai taurin zuciya. Ni na zauna da ita tun tana da ƙuruciya har na raka ta makwancinta, saboda haka duk mai wannan magana ya ja bakinsa ya yi shiru ya saurare ni.

Mu nan unguwar New Bell ta Duwala kakanninmu ne suka zo daga Arewa da fatauci, mu kuwa a nan muka buɗe ido. Abubuwa da yawa sun zube mana a hanya. Hausarmu ta cakuɗe da Faransanci, muna cin rogon da ake naɗewa a ganye kamar kowane ɗan Duwala, ni kaina a ofishin fito da kaya na tashar jirgin ruwa na ƙare aikina, da taye a wuya. Amma akwai abu ɗaya da matan zamaninmu suka riƙe gam, shi ne kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa. Mahaifiyarki Asma’u ita ce ’yar farinmu. Ana yaye ta yayata Ladi ta ɗauke ta ta tafi da ita gidanta a unguwar Nylon, sai da ta isa shiga makaranta ta dawo hannunmu. Hajiya kuwa tana da sunaye iri-iri da take kewaye nata da su: waccan, ’yar Ladi, mutuniyar. Ina tuna ranar da Asma’u ta zo ta ɗaya a ajinsu, ta shigo da gudu tana ɗaga takardar sakamako, duk ƙafarta taɓo. Hajiya na zaune tana ninke atamfofin da ta saro a kasuwar Mboppi, don sana’arta ke nan, tana sayar wa matan unguwa a cikin gida. Ko kai ba ta ɗaga ba.

“Ajiye can, ki je ki wanke ƙafa.”

Da yamma sai ga kaza an yanka, ba baƙo ba biki, kuma cinyoyin duka biyu suka faɗa kwanon Asma’u. Haka duk sallah, atamfar da ta fi kowacce kyau a cikin kayan sai ta ɓace, bayan kwana biyu sai ga Yaya Ladi ta kawo wa ’yarta ita a matsayin tata kyautar. Ni ina ganin duk wannan. Yarinya kuwa ba ta gani, ita dai ta san ’yan ajinsu uwayensu na rungumarsu a bakin makaranta suna kiransu da sunayen shagwaɓa. Wata rana, ta zama budurwa, ta same ni ina goge takalmi, ta ce mini da ido jajir:

“Papa, ni in Allah ya ba ni haihuwa, zan kira sunan ɗana safe da yamma, har maƙwabta su gaji.”

Na yi dariya na ce Allah ya nuna mana, ban ɗauki maganar da nauyi ba.

Da ta yi aure mijinta ya tafi da ita Libreville ta ƙasar Gabon, inda yake kasuwanci. A lokacin in kana son yin magana da na nesa ba tare da wayar tarho ta cinye ka ba, sai ka je gidan siber, wato shagon da ake jera kwamfutoci mutum ya zauna ya aika saƙo. Akwai ɗaya kusa da kasuwa, ɗaki mai zafi da fanka ɗaya tana ƙara, haruffan allon rubutun duk sun goge don dannawa. Duk Asabar nakan sa hula in tafi. Hajiya ba ta taɓa cewa za ta raka ni ba, sai dai kullum a sami wata mai jego ko mara lafiya da za ta duba a daidai wannan layin. Sai ta shigo ta zauna a benci bayana, tana kallon bango, tana magana kamar da fankar take yi.

“A ce wa mutanen Gabon su rage aiki da ruwan sanyi. A ce an aika da daddawa da kuka ta hannun direban nan, kada a bar su a leda.”

Ni kuma in juya da Faransanci, in ƙara gishiri, in rufe da cewa mahaifiyarki na rungumarki. Asma’u ba wawuya ba ce, amsarta kan zo da cewa, Papa, wannan na ƙarshen naka ne. Duk da haka tsarin ya yi wa kowa daidai. Sau ɗaya a mako, ni ne ƙofa, abin da na ga dama shi ke wucewa.

Sai duniya ta juya. Ban san ranar da abin ya faru ba, na dai je wata Asabar na tarar an kwashe kwamfutocin, mai shagon ya koma sayar da rigunan waya da caja. Komai ya tattara ya shige cikin wayar hannu, cikin ’yan abubuwan nan da masu rediyo ke kira manhaja, yaranmu kuma suna cewa apili. Aika kuɗi a ciki, gaisuwa a ciki, ta’aziyya a ciki, har faɗan dangi a ciki. Ba a jiran Asabar, ba a neman mai Faransanci, tsohuwar da ba ta san bihim ba sai ta danna ta yi magana muryarta ta ƙetare teku. Na ji haushin abin, ba zan ɓoye ba, don an sauke ni daga muƙamina ba sallama. Asma’u ta aiko wa Hajiya da waya sabuwa, ƙanwarta Hadiza, autarmu, ta sa mata manhajar aika saƙo. Duk Juma’a Asma’u kan aiko da gaisuwa da muryarta. Hajiya kan saurara ta sake saurara har cajin ya ƙare, amma ba ta taɓa mayar da ko kalma ɗaya ba. In aka kira ta bidiyo kuwa, sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

A shekarar da nake son ba ki labari, abu biyu suka shigo gidanmu a damina ɗaya. Na farko farin ciki ne. Asma’u ta daɗe da aure ba ɗa, ciki na shiga yana zubewa, har ta daina gaya mana. Wannan karon ya zauna, amma likitanta ya ce ta kwanta, ba aiki, ba tafiya, ba tashin hankali, har ta sauka. Na biyun shi ne kullutun da Hajiya ta daɗe tana ji a mamanta na hagu tana ɓoyewa, don kunyar a buɗe ta a gaban likita, har sai da hannun ya fara kumbura Hadiza ta gani ta sa kuka. Muka je asibiti, aka yi gwaje-gwaje. Likitar wata mace ce mai magana a hankali. Ta faɗa mini da Faransanci, ya rage ni in juya wa Hajiya da Hausa kamar yadda na saba a siber, sai dai wannan karon na lalubi gishirin da zan ƙara na rasa. Na tsaya ina kame-kame, ina cewa wani ɗan ciwo ne, irin wanda, wato. Hajiya ta dube ni.

“Alhaji, ciwon daji ne ko? Faɗi sunansa mana, ai ba ɗan farinka ba ne.”

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu daban, har likitar ta miƙo mini ruwa. Muna komawa gida, ko mayafi ba ta cire ba, ta zaunar da ni da Hadiza.

“Waccan ba za ta ji ba sai ta sauka. Wanda ya gaya mata, ban yafe ba.”

Na ce Hajiya, ’yarki ce, tana da hakki. Ta ce ta san halin abarta, tana ji za ta hau jirgi, in cikin nan ya zube a kan hanyar zuwa dubiyarta, da wane ido za ta kwanta a kabari? Muka yi mata alkawari.

Ciwon daji ba mutum ɗaya yake kamawa ba, gida yake kamawa gaba ɗaya. Aka yi aiki aka cire maman, aka shiga ƙarin ruwan nan mai zafi da suke kira shimiyo. Duk ranar da aka sa mata sai ta yi kwanaki ba ta riƙe ko ruwa. Gashinta da take taƙama da shi ya riƙa biyo mataji, Hadiza na tattarawa a ɓoye. Hadiza ta ajiye aikinta na ofis a Akwa, wanda ke nemanta da aure ya jira ya jira ya gaji, ita kuwa ba ta taɓa ɗaga maganar ba har yau. Filin da na saya a Bonaberi, gaba da kasuwar Grand Hangar, inda muke cewa za mu gina mu huta da ambaliyar New Bell, ya tafi. Atamfofi suka zauna a akwati suna warin ajiya. Ni da ban taɓa kunna murhu ba na koyi dama kunu, ta sha cokali biyu ta ce ko a gidan yari ba a yi wa mutum haka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shirun gidan. Mace ce da muryarta ke kaiwa bakin titi in tana ciniki, sai ga shi sai na kai kunne kusa nake jin me take so. Mutanen unguwa kuwa Allah ya saka musu. Mai tsiren da ke ƙofarmu ya lura ƙaurin nama na tayar mata da zuciya, ba wanda ya roƙe shi, ya ɗauke tukubarsa ya koma ƙarshen layi inda ba ciniki. Maƙwabciyarmu ’yar Kudu, wadda ba addininmu ɗaya ba, kullum sai ta leƙo ta taga ta ce, “Ashiya, Mama,” wato sannu, ta ajiye lemo ta tafi.

Amma ɓoye ciwo a zamanin waya aiki ne ja. Mu al’adarmu in mutum ya kwanta, unguwa duka sai ta zo dubiya, ba a hana kowa. A da labari sai ya sami matafiyi kafin ya kai Libreville, yanzu kuwa kowace mai dubiya da Libreville a cikin jakarta ta shigo. Sai na sa benci a ƙofa na zama ɗan kwastan, aikin da na san kansa. Duk wadda ta zo sai na tare ta: ba hoto, ba rubutu, ba sa addu’a a waya, ki yi addu’arki da baki Allah na ji. Wasu suka ji haushi, suka ce Alhaji ya tsufa da masifa. Wata rana wata ’yar ƙungiyar matan unguwa ta ɗauko tsohon hoton Hajiya na biki ta liƙa inda duk mai lambarta zai gani, ta rubuta Allah ya tashi kafaɗunki. Hadiza ta nuna mini. Na hau benskin, ɗan acaɓanmu na nan, da takalmi wari da wari, na same ta tana tsakiyar wanki, na faɗa mata maganganun da daga baya sai da na aika da goro. Ta goge. Muka yi sa’a a ranar an ɗauke wuta a unguwar su Asma’u, wayarta a mace take.

Kunyar nan ta ɗan fari ita ta zame mana labule. Asma’u ba ta yi mamakin rashin ganin fuskar uwarta a bidiyo ba, tunda dama ba ta saba gani ba. Amma labulen nan shi ya zo ya yanke ta. A al’ada haihuwar fari a gaban uwa ake yinta, ita ke dafa ruwan wankan jego, ita ke dama kunun kanwa. Tunda Asma’u ba ta iya tasowa, sai ta kira ni ta ce mijinta zai aiko da tikiti, Inna ta zo. Wayar na kan lasifika, Hajiya na kwance tana ji. Ta girgiza mini kai, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ni kuma na maimaita kamar aku: wai a nemi wata tsohuwa a can, ba a rasa ba. Sai na ji muryar ’yata ta karye.

“Papa, shekara nawa ina jiran cikin nan? Yanzu ma kunya ce? C’est pas la honte, Papa, wannan ba kunya ba ce. Ba ta so na ne kawai, ku daina rufa mata.”

Na ce kul, mahaifiyarki ce. Abin da na iya faɗa ke nan, gaskiya na cikin bakina kamar garwashi, alkawari ya hana ni tofarwa. Da na kashe wayar na juya, Hajiya ta mai da fuskarta bango. Ranar ba ta sha ko kunun ba.

Bayan kwana kaɗan na ji tana ce wa Hadiza ta nuna mata yadda ake aika murya. Hadiza ta nuna mata: ki danna nan ki riƙe ki yi magana, in kin ɗaga yatsa ya tafi, in kuma ba ki so, ki ja yatsan gefe ya faɗa kwandon shara, ba wanda zai sani. Daga nan kullum da hantsi, in Hadiza ta tafi sayen magani ni kuma na hau bencina, sai ta ce a jawo mata ƙofa za ta yi lazimi. Ban kawo komai a raina ba. Ana nan, wata safiya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika har tana shigowa zaure, sai ga kiran Asma’u. Ko gaisuwa ba ta gama ba.

“Papa, me Inna take ɗauka tana gogewa?”

Na ce ban gane ba.

“Kullum da hantsi sai in ga an rubuta a ƙarƙashin sunanta tana ɗaukar murya. In zuba ido, in jira, sai ya ɓace. Ya dawo, ya ɓace. Ba abin da ke zuwa. Yau ya fi mako. Papa, ka gaya mini don Allah, lafiya take?”

Ashe abin nan yana tona asiri. Hadiza ta manta ta gaya wa uwarta cewa tun kana cikin magana na can ɓangaren yana ganin alama. Na ce wa Asma’u, ke kuma me ya kai ki zama kina kallon wurin da ba a taɓa aiko miki da komai ba? Ta ce tana kwance ne ba aikin yi, sai ta buɗe ta riƙa kallon sunan. Wannan magana ta gama da ni. Na ce mata ba ni da bakin amsa tambayarta, amma ta riƙe wayar a hannu kada ta ajiye.

Na tura ƙofar ba sallama. Hajiya na jingine da matashi, ta rame har zobenta ya koma babban yatsa, wayar na kusa da bakinta. Tana ganina ta tura ta ƙarƙashin zane kamar yarinyar da aka kama da sukari. Na zauna a bakin gado na gaya mata.

“Tana gani?”

“Tana gani.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar farko.”

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ga kafaɗunta na rawa, na ɗauka kuka take, ashe dariya ce, har sai da ɗinkin ya yi mata zafi ta dafe.

“Wannan abu ba shi da kunya ko kaɗan. Hadiza ta ce kwandon shara ne.”

Na ce me kike faɗa a ciki haka kullum? Ruwa na dukan kwano a samanmu.

“Sunan nake gwadawa. Bakina bai saba ba. In na faɗa sai in ji kamar na fita titi ba ɗankwali, sai in ja yatsa.”

Na ce Hajiya, na riƙe miki alkawari har ’yata ta ce ina rufa miki ƙiyayya, ban karya ba, kuma ba zan karya ba. Amma yarinyar nan yanzu ta san akwai wani abu, tana can kwance ita kaɗai tana saƙa mafi muni a ranta, wannan ma tashin hankali ne. Ko ki gaya mata da bakinki, ko ki bar ta da abin da ta faɗa ranar nan, ta rayu da shi bayan ba ki. Ban taɓa yi mata maganar mutuwa kai tsaye ba sai ranar. Ta dube ni, ta jawo wayar.

“Fita.”

“Ba inda za ni.”

“To juya bayanka.”

Na juya ina kallon ƙofa. Na ji ta gyara murya, ta ja numfashi.

“Asma’u.”

Ta yi shiru, kamar tana jiran rufin ɗakin ya faɗo. Bai faɗo ba.

“Asma’u, ni ce. Ba ni da lafiya, ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Shi ya hana ni zuwa, ba wani abu ba. Da rarrafe zai kai ni da na taho. Kada ki ga laifin babanki ko ƙanwarki, ni na ɗaure su. Ban taɓa roƙonki komai ba, yau ina roƙo: ki kwanta inda kike har ki sauka lafiya, kada ki taso. Kazar nan ta ranar da kika zo ta ɗaya, don ke na yanka. Atamfofin Ladi ma ni ce. Asma’u. To. Alhaji, yanzu yaya ake yi?”

“Ki ɗaga yatsa kawai.”

Ta ɗaga. Muka haɗa kai a kan ’yar wayar nan, tsofaffi biyu, muna kallo. Alama ta nuna an saurara. Can sai ga rubutu a ƙarƙashin sunan Asma’u, na karanta wa Hajiya: tana ɗaukar murya. Ya ɓace. Ya dawo, ya sake ɓacewa.

“Ka gani,” in ji Hajiya, “ita ma ta iya.”

Da saƙon ya zo ɗan guntu ne, ko numfashi biyu bai kai ba. Na danna.

“Na’am, Inna.”

Mahaifiyarki ta yi biyayya, ta kwanta, ba ta taso ba. Na san abin da zaman nan ya ci mata, don ni take kira ta yi kukan da ba ta so uwarta ta ji. Amma daga ranar kullum da hantsi suna tare a waya, suna biyan hirar da ba su taɓa yi ba. Ranar da aka haife ki Hajiya ta sa Hadiza ta ɗaura mata ɗankwalinta mafi kyau, ta sa mata kwalli, ta fuskanci bidiyo karo na farko a rayuwarta. Aka ɗago ki, ja-ja da ke kina tsala ihu, ta ce wannan bakin na Alhaji ne. Wankan jegon ma ba ta bar shi ba. Duk safiya sai an jingina wayar a bakin banɗaki, tana daga kwance a New Bell tana yi wa tsohuwar da aka ɗauko a Libreville faɗa, wai ruwan bai yi zafi ba, wai kunun ya yi tsararo. Ranar suna mahaifinki ya kira ni ya ce an sa miki Binta.

Hajiya ba ta kai arba’in ɗinku ba. Ta cika wata Laraba bayan azahar, kanta a cinyar Hadiza. Kafin likita ya sallami Asma’u ta hau jirgi da ke, mun riga mun kai ta. Ba ta sake taɓa hannun uwarta ba, ba ta yi mata wanka ba, kabari ta tarar. Wannan shi ne kuɗin shawarar Hajiya, kuma Asma’u ce ta biya mafi yawa. Akwai ranakun da nake cewa da mun gaya mata tun farko, akwai ranakun da nake ganinki kina tsalle a tsakar gidan nan in ce Hajiya ta fi ni gaskiya. Ina kewarta ƙwarai, har yau in na dama kunu sai in ji kamar za ta yi magana.

Kina da wata shida ko bakwai na lura ban taɓa jin Asma’u ta ambace ki ba. Na tsokane ta, na ce ina wadda ta ce za ta kira sunan ɗanta safe da yamma har maƙwabta su gaji? Tana ba ki nono a lokacin, ba ta ɗago ba.

“Papa, na gwada. Ga ta ’yar fari, ga sunan Inna. In na buɗe baki sai ya tsaya mini a nan.”

Ta nuna maƙogwaronta.

Saƙon nan yana wurinta har yanzu, ta canza waya sau da yawa tana ƙaura da shi. Wata rana ki roƙe ta ta kunna miki, za ki ji muryar mai sunanki, a ƙarshe kuma ki ji wani tsoho yana cewa a ɗaga yatsa, wannan angonki ne. Kafin nan, in ta ce miki Inna, ko ta ce ke, ki amsa da na’am. Ranar da aka yanka kaza a gidanku kuma, ki duba kwanonki da kyau.